Takalmin Makaranta Da Lafiyar Ƙafar 'Ya'yanmu



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni dama in ɗan ce wani abu. Yawancin 'yan ajinmu yanzu mun zama iyaye, kuma kowane farkon zango mukan zauna mu yi lissafin kuɗin makaranta da littattafai da kayan sawa. Takalmi shi ne na ƙarshe a lissafin, shi ne kuma abin da muke saye cikin gaggawa. A kansa nake so in ja hankalinmu yau.

Ƙafar baligi tana da ƙasusuwa 26. Ta jariri kuwa yawancinta guringuntsi ne, sannu a hankali yake zama ƙashi. Ƙafar 'ya mace kan daina girma wajen shekara 14, ta ɗa namiji wajen 16. Ke nan tun daga firamare har tsakiyar sakandare, ƙafar yaro ɗanyen icce ce, yadda aka matse ta haka za ta tanƙwaru. Abin damuwa shi ne, sau da yawa yaro ba ya kuka. Wani bai san takalmin ya matse shi ba, wani kuma yana kunyar ya faɗa wa mahaifinsa don ya san halin da ake ciki a gida.

Hanyoyi biyu muke cutar da su ba da niyya ba. Ta farko, mu sayi takalmi mai girma ainun, mu ce ai zai girma ya cika shi. Yaro ya yini yana jan ƙafa, yana danƙe yatsu don kada takalmin ya cire, dunduniya ta yi bororo, ga tuntuɓe a filin wasa. Ta biyu, mu bar shi da takalmin bara muddin bai tsinke ba. A shekarun firamare ƙafa kan ƙaru da kusan santimita ɗaya a shekara, alhali lamba ɗaya ta takalmi a ma'aunin Turai kashi biyu ne bisa uku na santimita. Saboda haka takalmi kan yi wa yaro kaɗan tun bai tsufa ba. Daga nan sai kanta, sai farce ya shige cikin nama, sai babban yatsa ya fara karkata.

To, wane iri ya fi? A shekarar 1992 likitoci biyu a Indiya, Rao da Joseph, sun duba ƙafafun yara 2,300. Sun sami shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa a kashi 8.6 cikin ɗari na masu sa takalmi, da kashi 2.8 na masu tafiya ba takalmi, kuma abin ya fi yawa ga masu sa rufaffen takalmi fiye da masu sandal ko silifa. Kada wani ya ce na ce a tura yara makaranta ba takalmi. Akwai ƙaya da ƙusa da fasasshiyar kwalba, akwai tsutsar ciki da ke shiga ta fatar ƙafa daga gurɓatacciyar ƙasa ta riƙa shan jinin yaro. Darasin dai shi ne ƙafa tana son sarari da iska. Malamanmu za su tuna da sandal ɗin Cortina na kamfanin Bata da aka daɗe ana sanin 'yan makaranta da shi. Irin wannan, mai maɗauri a dunduniya, ya dace da zafin ƙasarmu fiye da rufaffen takalmin roba mai tara gumi har tsakanin yatsu ya ruɓe.

Ga abin da nake ba mu shawara. A tafi da yaro kasuwa, a daina zuwa da tsinken tsintsiya, domin tsinke tsawo kaɗai yake aunawa, bai san faɗi ba. In tafiya da shi ba za ta yiwu ba, a tsayar da shi a kan kwali, a zana ƙafafunsa duka biyu, a yanke, a gwada cikin takalmin. A saya da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma ya gwada da safar da zai riƙa sawa. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmi. A lanƙwasa shi a gani, ya kamata ya lanƙwasu a gindin yatsu, bayansa kuma ya tsaya da ƙarfi. In gwanjo ne ko na yayansa zai gada, a duba ƙasan, in ya cinye ta gefe ɗaya a kai wa mai gyara ko a haƙura da shi. Mai ɗa mai ciwon sikila ya ƙara kula, domin ɗan ƙurji a idon sawu kan zame masa gyambo mai wuyar warkewa.

Iyayenmu malamai, ku ma ina da roƙo gare ku. A layin safe akan duba launin takalmi da farin safa. Don Allah a haɗa da duba yadda yaro yake takawa. Wanda aka ga ya take bayan takalminsa, kafin a yi masa bulala a tambaye shi dalili, wataƙila ƙafarsa ce ta fi ƙarfin takalmin.

Mu kuma 'yan ƙungiya, duk lokacin da za mu tallafa wa ɗalibai marasa ƙarfi da takalma, kada mu sayo buhu guda mu raba ta kan mai uwa da wabi. Mu nemi malaman aji su auna ƙafar kowane yaro tukuna. Kwali da alƙalami kawai ake buƙata, aikin kuma ba zai wuce yini guda ba. Ina roƙon shugaba ya sa wannan cikin abubuwan da za a tattauna kafin mu tashi.

Allah ya raya mana zuri'a, ya saka wa malamanmu da alheri.