Ruwan Tiga da Halittun Ƙasar Kura da Bunkure: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

 Jawabin nan a kan ruwa ne, da abin da ya kawo cikin ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, da kuma abin da ya tafi da shi. Ba don a kushe aikin noman rani aka shirya shi ba. Duk wanda ya bi hanyar Zariya cikin watan Maris, ya ga gonaki kore shar dama da hagun, alhali kuwa ko'ina ƙura ce ke tashi, ya san lalle an yi aiki. Amma hakimi uban ƙasa ne, ƙasa kuwa ba mutane kaɗai ke cikinta ba. Akwai kifi, akwai tsuntsu, akwai itace, kowanne kuwa da hannunsa cikin arzikin talaka, ko da ya ke ba a rubuta sunansa cikin littafin haraji.

Kogin Kano daga tuddan kudu ya taso, wajen ƙasar Jos, ya ratso ta dajin Falgore, ya haɗu da kogin Calawa kusa da Tamburawa. Daga nan sai sunansa ya koma kogin Haɗeja. A da halinsa irin na sauran kogunan Arewa ne, watau ya cika ya batse da damina, da rani kuwa ya ƙafe, sai yashi. Zamanin Gwamna Audu Bako aka yi shawarar tare shi. Aka fara ɗan gwaji a Kadawa da ruwan Bagauda, sa'an nan cikin 1971 aka kama ginin madatsar ruwa ta Tiga, aka gama cikin 1974. Tsawon bangonta ya kai kilomita 6, tsayinsa mita 48. Daga can babbar hanyar ruwa ta fito, ta bi ta Ruwan Kanya, ta rarrabu cikin gonaki. Filin da aka tsara wa kashi na fari hekta 22,000 ne, hekta ɗaya kuwa wajen eka biyu da rabi ke nan. Cikin 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, daga baya aikin ya koma hannunta.

Amfanin da aka samu ba ya bukatar dogon bayani ga waɗanda su ke zaune a wurin. Samarin da su kan tafi cin rani sun sami abin yi a gida. Tumatir na Kwanar Gafan ya kan kai har Ikko, shinkafar Kura kuwa ta yi suna.

To, asara ta fari tun ran da aka sa motocin baje ƙasa aka yi ta. Ruwa ba ya tafiya sai a miƙaƙƙen wuri, saboda haka sai da aka tumɓuke itatuwan da ke cikin gonaki, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da kanya. Wanda ya yi lissafin diyya a takarda itace ya ƙirga. Bai ƙirga kalwar daddawa da matan gida su ke samu kowace shekara ba, ko 'ya'yan gawo da awaki ke ci da rani, ko amyar da a ke ratayawa bisa rassa. Tsuntsayen da ke sheƙa a manyan itatuwa kuma suka rasa masauki. Burtali da mashaya da yawa sun shige cikin gonaki, abin da ya kan kawo ƙara gaban hakimi duk shekara.

Asara ta biyu ta fi wuyar ganewa, gama a hankali ta zo. Da aka tare kogin, sai halinsa ya sake. Ambaliyar damina ta ragu, da rani kuwa ruwa ya daina yankewa. Da jin wannan mutum ya ce alheri ne, amma akwai wata ciyawa da irin wannan zama ya yi wa daɗi ƙwarai, ita ce kacala. Ita ba ta son wurin da ya kan bushe ƙayau wata biyar ko shida, sai wurin da ruwa ke kwance ba zurfi shekara duka. A da rani shi ke kashe ta. Yanzu ba mai kashe ta. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, tana kuma yaɗuwa ta iri, wanda iska ke ɗauka kamar auduga, tsayinta kuwa ya fi na mutum. In ta kama magudana sai ta tare ruwa, laka ta taru a gindinta, lakar kuma ta ƙara mata wurin tsira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Magudanar da aka bari shekara biyu ba yasa, ta zama ta kacala. Ruwan da ya kamata ya fice daga gona sai ya kwanta, ƙasa ta jiƙe fiye da kima, wani wurin har kanwa ta taso bisa, amfani ya ƙi.

Kacala kuwa ba ita kaɗai ta zo ba, ta zo da baƙo. Jambaki ba shi da makwanci da ya fi so kamar cikinta. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne, sai sun ƙare ya ke juyowa kan hatsi. Ga shi an tanada masa ruwan sha da rani, ga shinkafa da alkama na nuna a lokacin da daji ya bushe, ga ɗakin kwana kusa. Tsuntsun ɗan mitsitsi ne, nauyinsa bai wuce giram 20 ba, amma ya kan ci wajen giram 10 a yini. Watau garken da ya kai miliyan 2 ya cinye tan 20 na hatsi kafin rana ta faɗi. Shi ya sa a kan ga yara cikin gona tun asuba da gwangwani da igiya, ba su je makaranta ba.

A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani, domin mutumin da ya ga wahalarsa ta wata huɗu tana tafiya cikin bakin tsuntsu ba ya zaɓen makami. Gwamnati ta kan sa jirgin sama ya yi feshi a makwancin jambaki, manomi kuma ya kan zuba nasa maganin yadda ya ga dama. Dafi kuwa bai san abokin gaba ba. Shaho da shirwa da suka ci mushen jambaki su ma sun sha. Belbela da ke bin garma tana tsince tsutsa, da shamuwa wadda zuwanta ke shaida wa manomi damina ta kusa, abincinsu fara ne da ƙwari, watau ma'aikata ne da ba a biyansu lada. Mujiya ma, wadda mutane ke jifa saboda camfi, gida ɗaya nata ya kan cinye ɗaruruwan ɓeraye a shekara. Wanda ya kashe ta, ɓera ya yi wa aiki. Ungulu da a da ba a rasa ta a kowace mahauta ta yi wuyar gani, har cikin 2015 masana na duniya suka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Gauraka kuwa, yara da yawa sai a hoto su ke ganinsa. Mutanen wajen Haɗeja suna da wata dabara da ta fi, su kan kama jambaki da raga da dare, a soya a kai kasuwa. Ɓarna ta ragu, ga nama, ga kuɗi, ba a kuwa zuba dafi cikin ruwa ba.

Haka kuma sha'anin kifi. Tafkin Tiga da hanyoyin ruwa sun kawo su ga mutanen da a da ba su san shi ba, ana samun tarwaɗa da karfasa da kurungu. Amma mai feshi da ya wanke tankinsa cikin hanyar ruwa, da wanda ya zuba Gammalin a kududdufi don ya kwashi kifi a sauƙaƙe, sun kashe manya da ƙanana har da ƙwai, sun kuma sa wa mai ci cuta. Sinadarin da ke cikin Gammalin, tun 2009 ƙasashen duniya suka yi yarjejeniyar hana noma da shi. Ruwan da ke tafiya a hankali kuma gidan ƙananan katantanwa ne masu ɗauke da tsargiya. Yaro mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan cutar ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, ya fito ya huda fatar wanda ya shiga wanka. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka, ciwo ne, maganinsa kuwa yana asibiti.

Sauran maganar ta mutanen gangare ce. Ruwan da ya wuce Wudil shi ne ke malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda a ke noman shinkafa bisa ambaliya, a yi su, Fulani su yi kiwon rani, rijiyoyi su sami ruwa. Cikin shekarun 1960 da 1970 ambaliya ta kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000. Zuwa shekarun 1990 ta koma tsakanin 70,000 da 100,000. Ba Tiga kaɗai ke da laifi ba, akwai farin 1973 da na 1984, akwai kuma madatsar Calawa da aka gama cikin 1992. Duk da haka, cikin 1991 wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka auna, suka tarar ruwan da aka bari ya kai fadama ya fi wanda aka kashe a gonakin Kano kawo riba, ninki ba ninki. Magana ce mai ɗaci ga mutumin Kura, amma gara a ji ta. Can ma kacala ta toshe hanyoyin kogi, wasu garuruwa ruwa ya ci gonakinsu, wasu kuwa ya daina zuwa musu sam. Duk manomin da ya bar ƙofar ruwa a buɗe ya tafi gida ya kwanta, rabon wani masunci ne ya zubar.

Fadamun nan kuma masaukin baƙi ne. Kowace shekara wajen watan Oktoba agwagin ruwa da wasu tsuntsayen bakin tafki su kan taso daga Turai da Rasha, su ƙetare hamada, su yi sanyi a nan tare da ɗinya da kirinjijiya, su koma wajen Maris ko Afrilu. Saboda su aka kafa aikin kiyaye fadamun cikin 1987, cikin 2000 kuma aka sa tafkin Nguru cikin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye. Wasunsu su kan yada zango a gonakin shinkafar Kadawa.

Abin da ke hannun hakimi ba kaɗan ba ne. Tun 2014 Bankin Duniya ya ba da rancen gyaran ayyukan noman rani na Arewa, har da na Kano, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa. Amma gyaran injiniya na lokaci ɗaya ne, yasar ƙananan magudanu kuwa ta kullum ce, ba ta yiwuwa sai dagaci ya kira gayya. A sare kacala a ƙarƙashin ruwa, gama in ruwa ya rufe kututturen sai ta ruɓe, in kuwa a bisa aka yanke ta ko aka sa mata wuta, tohowa za ta yi. Sarkin ruwa ya san mai zuba dafi, in an tambaye shi gaban jama'a. Itace kuma yana da wuri a bakin hanya da gefen gari, inda saiwarsa ba za ta fasa hanyar ruwa ba. Hakiman kudu su ma da nasu, domin dajin Falgore, wanda aka keɓe tun shekarun 1940, shi ke riƙe ƙasar da in ta zaizaye cikin Tiga za ta zube. Fashewar madatsar Bagauda cikin Agusta 1988 ta isa nuna cewa ginin ƙasa yana son sa ido.

Malaman hakimai kuwa, ga ɗan aiki da bai fi shafi ɗaya ba a wata. A rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, da inda jambaki ya sauka, da inda aka ga mataccen kifi yana yawo bisa ruwa. In maharbi ya kawo tsuntsu mai zoben ƙarfe a ƙafa, kada a tsorata shi, kada kuma a bar yara su yi wasa da zoben ya ɓace. A kwafe lambar da ke jiki daidai, harafi da harafi, tare da rana da sunan wurin, a aika wa malamin daji, shi kuma ya iya miƙa ta ga cibiyar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos. Da lambar nan a ke gane ƙasar da aka sa masa zoben, da shekarar da aka sa.