Sayen Ƙaramar Tarakta a Wurin Gwanjo

 Yau za mu yi magana ne a kan wani ciniki mai nauyi, watau sayen tsohuwar tarakta a wurin gwanjo. Mun san da yawa cikinmu suna da wannan buri. Damina a ƙasar Jibiya gajera ce. Ruwa yakan sauka sosai wajen watan Yuni, kafin ƙarshen Satumba ya fara ɗaukewa. Wanda ya makara wajen huɗa ya makara wajen girbi. Shanun huɗa sun yi tsada, tsaronsu kuma ya yi wuya. Tarakta sabuwa kuwa ta fi ƙarfin talaka. Saboda haka sai ido ya koma kan ta hannu.

Abu ɗaya mu ke so ku riƙe daga wannan magana: ba a fafe gora ranar tafiya. Ba ranar gwanjo a ke sayen tarakta ba. Tun kafin ranar a ke gama sayenta, da ido, da takarda, da lissafi. Ranar gwanjo ɗaga hannu kaɗai a ke yi.

Mene Ne Gwanjo?

In an ce gwanjo, da yawanmu tsofaffin tufafi mu ke tunawa. Amma gwanjon da mu ke nufi a nan wani irin ciniki ne. A kasuwa, in ka taya akuya, mai ita ya ce albarka, sai ka ƙara, ko ka tafi ka yi shawara ka komo. A gwanjo ba haka ba ne. Mai gwanjo yakan tsaya gaban jama'a ya nuna kaya, wannan ya taya, wancan ya ƙara, har a kai inda ba mai ƙarawa. Wanda tayinsa ya fi na kowa shi a ke sallama wa. Da an sallama ciniki ya faɗa. Ba fasawa, ba mayarwa. Yadda ka ga kaya haka ka saye su, da lafiyarsu da cutarsu.

Ma'aikatun gwamnati da ƙananan hukumomi sukan yi gwanjon injunan da suka gaji. Wani lokaci kotu kan sa a yi gwanjon kayan wanda bashi ya ci. Hukumar Kwastan ma tana gwanjon kayan da ta kama, kuma a shekarar 2017 ta fara yin nata ta intanet. A kan manna sanarwa a allo, ko a buga a jarida, a faɗi rana da wuri da sharuɗɗa. Ku lura da kyau: ba a cika kai inji gwanjo yana cikin ganiyarsa ba. Akwai dalilin da ya sa aka rabu da shi. Aikinmu shi ne mu gano dalilin.

Wace Iri Za Mu Nema?

A kan auna ƙarfin tarakta da ƙarfin doki. Ƙarama ita ce wadda ba ta wuce ƙarfin doki 50 ba. Gonakinmu na nan yawanci jigawa ne, ƙasa mai yashi, inda mu ke shuka gero da dawa da wake da gyaɗa. Irin wannan ƙasa ba ta bukatar ƙaton inji. Garma mai nitso da yawa ma ɓata ta ta ke yi, don takan tono yashin ƙasa ta binne ɗan takin da ke sama. Ƙaramar tarakta ta isa ta yi kunya, ta ja tirela cike da taki, ta kai amfanin gona kasuwa. Man da ta ke sha kuma bai kai na babba ba.

Amma kada mu dubi ƙanƙanta kaɗai. Tambaya ta fari ita ce: in ta lalace, a ina za a sami kayan gyaranta? Mu ɗauki misali. Kamfanin Massey Ferguson ya ƙera wata ƙaramar tarakta mai lamba 135 daga shekarar 1964 zuwa 1975. Injinta na Perkins ne, mai silinda 3, ƙarfinta wajen doki 45. Ta tsufa ƙwarai, amma da ya ke an ƙera ta da yawa, makanikai sun san cikinta. A dā an harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi, da na Fiat a Kano, har yanzu a kan ga tsofaffinsu a ajiye. Akwai kuma Mahindra ta ƙasar Indiya, da ƙananan Kubota na ƙasar Japan. Wata za ka gan ta tsaf, gwanin sha'awa, amma in ƙarfe ɗaya ya karye sai ta yi wata da watanni a kwance.

Saboda haka kafin mu sa rai a kan ko wace iri, mu rubuta sunanta da lambarta, mu tafi wurin masu sayar da kayan gyara a Katsina ko Kano ko Maraɗi. Mu tambayi kuɗin tayar baya, da kulochi, da ringin fistan, da matatar mai. In an ce sai an aiko da su daga ƙasar waje, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ranar Dubawa

A kan ba da rana kafin gwanjo don masu saye su duba kaya. Kada wannan rana ta wuce mu. Sayen abin da ba ka gani ba shi ne cinikin biri a sama. Mu tafi da makaniken da muka amince da shi, wanda ya san injin dizal, mu biya shi ladansa. Kada mu ɗauki makaniken da dillali ya kawo.

Mu yi sammako, mu dafa inji da hannu. In mun ji shi da ɗumi, an riga an ta da shi kafin mu zo. Injin da ya gaji yakan yi gardamar tashi da sanyin safiya, amma in ya yi zafi sai ya ɓoye cutarsa. Mu nemi a ta da shi a gabanmu yana sanyi.

Sa'an nan mu dubi hayaƙin salansa. Hayaƙi shuɗi yana nuna inji na cin baƙin mai, watau ringi ya ci. Baƙin hayaƙi yana nuna man dizal ba ya ƙonewa sosai, ko matatar iska ta toshe. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasarmu mai ƙura. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, wannan mugun alama ne, mai yiwuwa ruwa na shiga inda bai kamata ba.

Mu zaro sandar awon baƙin mai. In mun ga man ya yi fari-fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya gauraya da shi, gyaran kuwa babba ne. Mu buɗe lagireto tun inji na sanyi, mu ga ko mai na yawo a kan ruwan. Mu durƙusa mu leƙa ƙarƙashi, ko akwai yoyo, ko wurin da ya tsage aka yi masa walda. Sabon fenti kada ya ruɗe mu. Fenti ba ya noma.

A bayan tarakta akwai hannuwan ƙarfe da ke ɗaga garma. Wani mutumin Ailan mai suna Harry Ferguson ne ya ƙago wannan dabara ta maƙala garma a wuri 3. A sa wa hannuwan kaya mai nauyi, a ɗaga, a kashe inji, mu tsaya mu gani. In kayan sun sulalo ƙasa nan da nan, famfon ɗagawa ya gaji, ko yana yoyo daga ciki. Akwai kuma wani ɗan sandan ƙarfe mai juyawa a baya, wanda ke juya injin sussuka ko famfon ban ruwa. A kunna shi mu ga yana juyi daidai. Masu lambu a bakin dam ɗin Jibiya sun san amfaninsa.

In an yarda, makanike ya hau ya tuƙa, ya sa ko wace giya, ya taka birkin dama da na hagu dabam-dabam. A gaban direba akwai agogo mai ƙirga awoyin da inji ya yi aiki. Mu karanta shi, amma kada mu dogara gare shi, don a kan sauya shi. Mu dubi matakin kulochi da na birki. In sun sule sumul, alhali agogo na cewa aiki kaɗan ta yi, to, ɗayansu na ƙarya, ƙarfe kuwa ba ya ƙarya.

Maganar Takardu

A jikin ko wace tarakta akwai lambar inji da lambar jiki, an buga su a kan ƙarfe. Mu share ƙura mu karanta su, mu kwafe a littafinmu, mu gwada da abin da ke cikin takarda, harafi da harafi. In lamba ɗaya ta saɓa, ko mun ga alamar an kankare, mu bar ta. Wanda aka kama da kayan sata ya yi hasarar kuɗi da kaya, ga zaryar kotu.

Mu kuma da ke zaune kan iyaka muna da ƙarin abin kula. Ɗan Isa da Maraɗi ba su da nisa da mu, a kan sami injuna na hannu a can. Amma dokar kan iyaka tana sauyawa. A watan Janairu 2017 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. An rufe iyaka a Agusta 2019, sai a Disamba 2020 aka fara buɗe waɗansu mashigai. An sāke rufe ta a Agusta 2023, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata gefen. Wanda ya biya kuɗi a ƙetare a irin wannan lokaci, kayansa can za su kwana, damina kuwa ba ta jiran kowa. Saboda haka kafin mu biya ko kwabo, mu je ofishin Kwastan a Magama mu tambayi abin da doka ta ce a yau, da takardun da a ke bukata. Kada mu bi ta hanyar daji. Inji marar takardar Kwastan ko yaushe a na iya kama shi.

Mu tuna kuma mutanen Nijar da dala su ke ƙirga sefa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In Bamaraɗe ya ce ɗari, sefa 500 ya ke nufi. A rubuta kuɗi da lamba a takarda, kowa ya gani.

Lissafi Kafin Taya

Kuɗin da aka sallama ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Ga misali don koyon lissafi kawai. A ce mu 20 ne muka yi jam'iyyar gama kai, muka tara naira miliyan 10. Makanike ya ce gyara da taya za su ci miliyan 2. Garmar kunya da tirela, miliyan 1 da rabi. Ɗauko ta zuwa Gangara, da la'adar mai gwanjo, da takardu, rabin miliyan. Man dizal da ladan direba na farkon damina, miliyan 1. Jimla miliyan 5 ke nan. Saura nawa? Miliyan 5. To, wannan shi ne iyakar tayinmu, ba miliyan 10 ba. Mu rubuta shi a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu, wakilinmu ya sa a aljihu.

Mun taɓa ganin waɗansu manoma da suka tsallake wannan lissafi. Suka sayar da shanun huɗarsu, suka tafi gwanjo da dukan kuɗin. Wani ya riƙa ƙara musu tayi, su kuma suka ji kunyar a ce an kā da su gaban jama'a. Aka sallama musu, suka dawo gida da guɗa. Kwana 9 tarakta ta yi tana aiki, kulochi ya ƙone. Ba kuɗin gyara, ba shanu. Shekaran nan da hauya suka yi noma, rabin gonakinsu suka kwana saura. Tarakta kuwa tana nan ƙarƙashin bedi, kaji na ƙwai a cikinta.

Ranar Gwanjo

Mu karanta sharuɗɗa tun da wuri: nawa ne kuɗin rajista, kwana nawa a ke bayarwa a biya, kwana nawa a kwashe kaya. Mutum ɗaya ya yi tayi a madadin kowa, mai sanyin zuciya, ba mai son a sani ba. Kada ya fara tayi da garaje. In an wuce lambar da ke aljihunsa, ya sauke hannu. Wanda ya komo gida da kuɗinsa bai faɗi ba. Gwanjo ba ya ƙarewa, wani na tafe.

In an sallama mana, mu biya ta banki, cikin asusun da aka rubuta a sanarwa. Kada mu ɗauki tsabar kuɗi mu bi hanya da su, kun dai san halin da hanyoyinmu suka shiga. Kada kuma mu ba wani kuɗi don ya ce ya san manya, zai samo mana ta bayan gida. Mu karɓi rasit mai hatimi, da takardar sakin kaya, mu tabbata lambar inji na rubuce a kansu. Mu adana su kamar takardar gona.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan ciniki shi ne bayan kaka, don a sami watannin rani a yi gyara a natse. Wanda ya saya a watan Mayu, gyara da shuka za su haɗe masa. Mu kuma nemi shawarar malamin gona, ba ya karɓar kome a kan shawara.

To, jama'a, araha ba ta ado, sayen nagari kuwa mai da kuɗi gida ne. In lissafi ya nuna ƙarfinmu bai kai ba bana, ba abin kunya ba ne mu yi haya, mu ci gaba da tari. Mu duba da idonmu, mu karanta da kanmu, mu yi lissafi kafin mu ɗaga hannu. Allah ya ba mu damina mai albarka.