Daga Ina Ƙa'idar Zaɓe Take Fitowa?

Samari da 'yan mata, ku da za ku kaɗa ƙuri'a karon farko. Da zarar zaɓe ya ƙarato za ku riƙa jin "an ce" a tasha, a kasuwa da cikin wayoyinku: an ce an sauya rana, an ce baƙo ba ya zaɓe, an ce sai da takardar asali. Ina so mu bi ƙa'idar zaɓe har tushenta, domin ku iya bambance maganar hukuma da ji-ta-ji-ta.

Ƙa'idojin zaɓe hawa-hawa ne. A ƙololuwa akwai Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya kafa Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, wato INEC. Ƙarƙashinsa akwai Dokar Zaɓe, wadda Majalisar Tarayya ke zartarwa, shugaban ƙasa ya sa mata hannu. Wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ranar 25 ga Fabrairun 2022 aka sa mata hannu. Sashe na 148 na wannan doka ya bai wa hukumar ikon fitar da ƙa'idoji da littattafan jagora don aiwatar da ita. Daga nan ne littafin da ma'aikacin rumfa ke aiki da shi ya samo asali. Na ƙasa ba ya ƙetare na sama. Idan ƙa'ida ta saɓa wa doka, dokar ake bi, kuma kotu ce mai raba gardama.

Ga misali da ya shafe ku, ku mazauna Sabo a Ibadan, ko Agege a Legas, ko Ama Hausa a Owerri. Dokar 2022 ta ce ɗan Nijeriya mai shekara 18 yana iya yin rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda ya fito. Saboda haka wanda ya yi rajista a nan, nan ne rumfarsa. Duk wanda ya ce da kai ka koma garinku ka yi zaɓe, ra'ayinsa ya faɗa, babu dokar da ta ce haka.

Ƙa'idojin 2022 kuwa su suka fayyace yadda ranar zaɓe ke gudana. Ana buɗe rumfa da ƙarfe 8:30 na safe. Wanda ƙarfe 2:30 na rana ta same shi a kan layi, sai ya kaɗa ƙuri'arsa. Na'urar BVAS ce ke tantance mai katin zaɓe da yatsa ko da fuska. Ana gabatar da tsofaffi, masu juna biyu da masu buƙata ta musamman. Bayan ƙidaya, ana sanar da sakamako a rumfar, a kuma liƙa shi inda kowa zai gani.

To, ta yaya waɗannan ƙa'idoji ke iso muku? Hukumar tana sa cikakkun takardun a shafinta na intanet. Tana zama da jam'iyyu, ƙungiyoyin farar hula, 'yan jarida da jami'an tsaro, ta yi musu bayani. Kwamishinonin zaɓe na jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya suna isar da saƙon ga ofisoshinta na ƙananan hukumomi 774. Ana liƙa sunayen masu rajista domin kowa ya duba nasa, ya nemi gyara. Sannan mu masu fassara mu mayar da shi Hausa, Yarabanci, Ibo da sauran harsuna, don rediyo da ɗan littafi irin wannan. Fassara gada ce kawai. Idan gardama ta taso, asalin takardar ake komawa.

Ku sani kuma jadawali yana iya sauyawa. A 2019 an ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu, sa'o'i kaɗan kafin a fara. A 2023 an ɗage na gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris. Duka biyun hukumar ce ta sanar da bakinta, gidajen rediyo da talabijin suka ɗauka. Mai ƙirƙirar ƙarya ya san an taɓa ɗagewa, shi ya sa ƙaryarsa ke kama da gaskiya.

Don haka idan saƙo ya shigo wayarka, ka yi masa tambaya uku kafin ka tura wa wani. Wa ya sa masa hannu? Wace rana aka fitar da shi? Yana shafin hukumar, ko an karanta shi a labarai? Ka kula da shekarar takarda, domin Majalisa takan gyara doka, ƙa'idoji su sabunta. Idan shakka ta rage, ofishin hukumar na ƙaramar hukumarku a buɗe yake, kuma matambayi ba ya ɓata.

Wanda ji-ta-ji-ta ta zaunar da shi a gida ranar zaɓe, sai ya jira shekara huɗu kafin damar ta dawo. Ku adana katinku, ku san rumfarku tun da wuri, ku fito. Allah Ya ba mu zaɓe lafiya.