Hawan Dutse: Shirin Tafiyar Rabin Yini

 

Yau hirarmu a kan hawan dutse take. Wani zai ce: ni mutumin Maraɗi, mi ya haɗa ni da dutse? To, ƙasarmu Nijar tana da manyan duwatsu a Abzin, cikin jahar Agadas. Can ne dutsen Bagazam yake. Ƙololuwarsa ta kai mita 2022, babu wurin da ya fi ta tsawo a ƙasar nan. Amma Bagazam ba na ɗan koyo ba ne. Ɗan koyo ya fara gwada ƙafarsa kusa da gida, a duwatsun Damagaram, ko tuddan Adar, ko Dogon Dutsi.

In ƙafa ta saba, ana iya zuwa Timiya. Daga Agadas ta fi kilomita 200. Gari ne na garake, da dabino da lemu da rumman, duwatsu sun kewaye shi. Akwai tsohon barikin Faransawa bisa tudu, akwai kuma wurin da ruwa ke zubowa daga dutse. Kafin ku kama hanya, ku tambayi hukuma labarin tsaro. In an ce a dakata, ku dakata.

Yanzu ku ɗauki alƙalami da takarda, mu yi lissafi tare. Lissafin nan shi ne babban shiri.

Mu ce tafiyar kilomita 6 ce, zuwa da dawowa, tsawon dutsen kuma mita 300. Cikin duwatsu ɗan koyo yana cin kilomita 3 a awa. Kun ga awa 2 ke nan. Hawan mita 300 yana ƙara awa 1. Ku sa awa 1 ta hutu. Duka nawa? Awa 4. Wanda ya tashi ƙarfe 7 na safe zai dawo ƙarfe 11, kafin rana ta take.

Ƙarƙashin wannan ku rubuta lokacin juyawa: ƙarfe 9 da rabi. In lokacin ya yi, ko kun kai bisa ko ba ku kai ba, ku juyo. Nan ne samari ke gardama. Suna ganin kan dutse kusa, su ce saura kaɗan. Dutse yana ruɗin ido. Kuma saukowa ta fi hawa haɗari, don gwiwa ta gaji, tsakuwa tana zamewa.

Sai ruwa. Kowane mutum lita 3, kada a rage. Lita 1 kilo 1 ce, saboda haka sauran kaya su zama marasa nauyi: dabino, ƙuli-ƙuli, ɗan kilishi, tocila, rawani ko malafa. Ku riƙa kurɓa tun ba ku ji ƙishirwa ba. Takalmi kuwa ku sa wanda ƙafa ta sani. Sabon takalmi yana sa bororo, silifa kuma ba ya riƙe dutse. Kada ku cusa hannu cikin kogo, maciji da kunama can suke fakewa.

Lokacin da ya fi kyau shi ne na ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ku riƙe rigar sanyi, don bisa dutse iska tana da ƙarfi. Da damina kada ku bi cikin ƙorama ko da busassa ce. Ruwa yana iya sauka nesa, ya kwararo ya tarar da ku ba labari.

Kada mutum ya hau shi kaɗai. Ku nemi jagora ɗan gari, ku shirya ladansa tun a ƙasa. Mai rauni a tafiya ya bi bayan jagora, kowa ya bi takunsa. Salula ba abin dogara ba ce, wurare da yawa babu rezo. Don haka takardar nan da kuka rubuta, ku ƙara sunayenku da hanyar da za ku bi, ku bar ta wurin mai masaukinku. In ƙarfe 12 ta yi bai gan ku ba, ya san inda zai aika a nema.

Kowa ya gwada lissafin kilomita 9 da hawan mita 300, ya kai ma malaminsa ya duba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.