Makarantarmu da Fadamar da ke Bayanta

(Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)

Ranka ya daɗe Hakimi, iyayenmu dagatai da masu unguwanni, shugaban ƙungiya, malamai, da 'yan'uwana waɗanda suka yiwo takakka daga Kano da Kaduna da Abuja da Legas, ina yi mana barka da zuwa gida.

An umurce ni da in yi tsokaci a kan halin da makarantarmu ta sakandare take ciki. Na san da dama sun zaci zan kawo lissafin kujerun da suka karye da malaman da babu. Duk wannan yana cikin rahoton sakatare. Ni ina so ne mu zagaya bayan azuzuwa.

Duk wanda ya yi karatu a can a zamaninmu zai tuna cewa ba katanga ce ta kewaye makarantar ba, itatuwa ne. Akwai gawo, mai zubar da ganye da damina don gero ya sha rana a ƙarƙashinsa. Akwai goruba wadda iyayenmu mata ke saƙa tabarma da kabarta, da tsamiyar da muka yi haddar darussa a inuwarta. Idan ka gangara kaɗan sai fadama. Da shamuwa ta sauka, ko ɗan aji ɗaya ya san damina ta ƙarato. Da hunturu kuma sai garken agwagin ruwa su rufe tafki, muna jifansu da gwafa, ba mu san cewa wasunsu daga Turai suka ƙetaro Sahara ba. Sai da na girma na gane cewa wannan dausayi na Haɗeja da Nguru sananne ne a duniya, har aka sanya yankin Baturiya cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2008. Masana suna tasowa daga ƙasashen waje don su ƙirga tsuntsayen da muke kora.

To, fadamar ba ta nan yadda muka bar ta. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar Kogin Haɗeja ta canja. A da yakan cika ya malala da damina, ya janye da rani. Yanzu wasu rafukan ba sa bushewa, shi ya sa kacala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Ba na zagin madatsun nan, domin mu da ke zaune a Kano ruwansu muke sha. Amma cikin kacalar ne jan-baki ke kwana, kuma idan shinkafa ta fara nuna, uba ba shi da zaɓi illa ya ɗauke yaronsa daga aji ya kai shi korar tsuntsu. Shugaban makaranta yana nan zaune, a tambaye shi yadda rajista take kasancewa a wannan lokaci. Ambaliyar 2022 kuwa ba sai na tuna wa kowa ba. Wasunku a azuzuwan nan iyalanku suka fake.

Itatuwan fa? Mu muka cinye su. Buhun gawayin da ake sauke mana a ƙofar gida a birni, daga irin wannan daji yake fitowa, kuma ni ma na saya. Yau babu abin da ke tare iskar farkon damina kafin ta iso kwanon rufi. Mu tara kuɗi mu rufa, ta yaye, mu sake tarawa.

Kwamiti ya kawo shawarar a gina katangar bulo. Ban ƙi ba, domin tsaron 'ya'yanmu ba abin wasa ba ne. Roƙona shi ne kada ta lashe asusun gaba ɗaya. A ware kaso a haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, a kafa wurin renon itatuwa a hannun malamin aikin gona. Dashen da muka sha yi a baya, ba rashin iri ne ya kashe shi ba. Mukan dasa a watan Agusta, mu ɗauki hoto, mu koma birni, sai awaki da zafin Maris da Afrilu su gama da shi. Saboda haka kowane dashe a kewaye shi da ƙaya, a damƙa shi ga ɗalibi guda tun daga aji ɗaya har ya fita. Darbejiya ta tsaya ta gefen da iska ke fitowa don saurin girmanta, amma a mayar da gawo da bagaruwa da tsamiya. Kuma a taimaka wa malamin kimiyya da kuɗin mota, ya kai yara Baturiya ko da sau ɗaya a shekara, su ga abin da suke zanawa a jarrabawar WAEC da NECO yana numfashi.

Shugaba, ina roƙon a sa wannan cikin ajandar yau a kaɗa ƙuri'a kafin mu watse, domin irin da za a dasa da damina mai zuwa sai an fara renonsa tun da rani. Ni na ɗauki nauyin ledojin reno da butocin ban-ruwa.