Batirin Kwamfutar da Ba Ta Barin Ɗaka

 

Yau hirar tamu kan kwamfutar tafi-da-gidanka ce, wadda ake ce wa laftof. Sunan dai tafi-da-gidanka, amma a hannun da yawanmu ko zaure ba ta leƙawa. Tana nan ɗaka, caja a jone a bango safe da yamma. Wata karatun Buɗaɗɗiyar Jami'a take yi da ita, wata lissafin atamfa da turaren wuta, wata kuma yara ne ke koyon jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta. To tunda ba fita ake da ita ba, sai ki ce ina ruwana da batir? Da ruwanki fa, 'yar'uwa. Ranar da aka ɗauke wuta kina tsakiyar aikin da ba ki adana ba, batirin nan ne kaɗai tsakaninki da asara. In ya riga ya mutu, ana ɗaukewa kwamfutar za ta yi ɗif, wahalar yini guda ta bi ruwa.

Akwai maganar da ake yawan yi, wai a bar batir ya ƙare ƙaf kafin a sa caji. Wannan shawarar batiran da ce, irin na nikel. Na yanzu na litiyam ne, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, kuma shi ƙarewa ƙaf cutar da shi take yi. In ya sauko wajen kashi 20, a jona. Haka nan kada ki ji tsoron wai caji zai yi masa yawa in kika bar ta a jone. In ya cika, kwamfutar da kanta take tsayar da cajin.

To ina matsalar? Zaman da yake yi a cike maƙil, kashi 100, wata da watanni. Kin san robar siket, in aka bar ta a miƙe kullum, sannu a hankali sai ta saki. Shi ma haka, ƙarfinsa yake raguwa ko ba a mora ba. Shi ya sa masu ƙera kwamfuta suka sa wurin da za a ce wa caji ya tsaya kafin ya cika. A Lenovo yana cikin manhajar Lenovo Vantage, a ASUS cikin MyASUS, inda za ki iya zaɓar kashi 80 ko 60. Dell da wasu HP su ma suna da nasu. In ba ki gane wurin ba, ki sa maigida ko wani yaron gidan ya duba miki, ba aikin minti biyar ba ne.

Sai dai ni a ganina ba kowa wannan ya kama ba. In gidanku akwai sola, ko unguwarku ana samun wuta sosai, ki tsayar a 80. Amma wadda ake kawo wa wuta awa biyu uku a rana, ta cika abinta, tunda anjima za ta cinye shi. Batir dai don a mora aka yi shi. Ke kuma mai wadatar wuta, lokaci-lokaci ki zare caja ki yi aiki har ya sauko rabi, sannan ki mayar.

Babban makashin batir a ƙasarmu zafi ne. Kamfanin Apple ya ce zafin da ya wuce digiri 35 na iya rage ƙarfin batir har abada. Mu kuwa a Kano, Sakkwato ko Maiduguri, a watan Afrilu har 40 ake wucewa. Ga ɗaki rufin kwano, ga taga a rufe, sannan mu ɗora ta kan katifa ko filo saboda a gado muka fi jin daɗin zama. A ƙarƙashinta da gefenta akwai ƙofofin da fankarta ke shan iska, katifa kuwa toshe su take yi. Ki sa hannu a ƙasan ki ji, wani lokaci kamar gindin tukunya. Ki samo faranti mai faɗi, ko katako, ko ƙaramin teburi ki ɗora ta. Kada a lulluɓe ta da mayafi tana kunne don gudun ƙura, sai an kashe ta huce. In aikin ba na gaggawa ba ne, a bari sai da sanyin safiya ko bayan isha'i. Bayan hunturu kuma a kai wa mai gyara ya kakkaɓe ƙurar da ta taru a fanka.

Idan aka ɗauke wuta, ki zare caja daga bango, sai an dawo da ita ta zauna sannan ki mayar. Haka ma lokacin tayar da janareta. Masu tsohuwar kwamfuta da batirinta ke cirewa, ban ba ku shawarar ku cire shi ku dogara da wutar bango ba, ba da irin wutarmu ba.

In za ki yi doguwar tafiya, kamar zuwa gida wankan jego, ki bar cajin wajen rabi, ki kashe ta gaba ɗaya, ba rufe murfi kawai ba, ki ajiye inda rana ba ta bugawa.

Ranar da kika ga kwamfuta ta daina zama daidai a kan teburi, ko wurin da ake goga yatsa ya taso, ko murfi ya ƙi rufuwa, batirin ne ya kumbura, kuma yana iya kamawa da wuta. Ki kashe ta, ki zare caja, ki ɗauke ta daga kan gado da kusa da labule. Kada a danna, kada a bar yara su tsokane shi da tsinke. A aika wa mai gyara ya canza, tsohon kuma a bar masa can, kada ya shiga sharar da ake ƙonawa a bayan gida.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida yara.