JAWABIN DA AKA YI A KETARE DON TUNAWA DA MALAM ALIYU NAMANGI

'Yan'uwa talakawa, dattawa da samari, da ku 'yan kasuwa da kuka bar rumfunanku kuka zo, muna yi muku barka da zuwa.

Mun taru yau don mu tuna da Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, malamin makafi da masu ido gaba ɗaya. An haife shi wajen 1894, ya makance tun yana ƙaramin yaro, ya rasu a 1990, watau ya haura shekara 90 a duniya. Bai ga baƙi a allo ba, amma da kunne ya ɗauki karatu wurin malamai har ya zama malami. Shi ya tsara waƙoƙin Imfiraji, na yabon Annabi da wa'azi, aka buga su littafi littafi, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin Dakta na girmamawa.

To, jama'a, ku lura da abu guda. Babu wanda ke nan da bai taɓa jin makaho yana rera Imfiraji ran kasuwa ba, yaro na ja masa gora. Mu kan jefa sadaka a ƙoƙo mu wuce. Wanda ya iya haddace baitoci masu yawa haka, ashe zai kāsa lissafi ko shari'a? Abin da ya raba Malam Aliyu da wannan mai bara shi ne, shi ya sami malamin da ya ce masa zauna, wannan kuwa aka miƙa masa ƙoƙo. Ga kuma ɗan jagoran, mai ido biyu, shi ma an raba shi da makaranta. Hasara biyu ke nan a gida ɗaya.

Kada wani ya ce muku babu dabara. Wani makaho Bafaranshe, Luwi Birel, wanda ya mutu a 1852, ya ƙago rubutun ɗigo shida da a ke karantawa da yatsa. 'Yan mishan sun buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953. A jihar nan tamu akwai ta makafi a birnin Katsina, akwai ta kurame a Malumfashi, nan kusa da mu. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare, ta ce a ba su kashi 5 cikin 100 na ayyukan hukuma. Amma doka a takarda ba ta kai yaro makaranta. Ɗan mai hali, in ya makance, a kan san inda za a kai shi. Ɗan talaka fa?

Saboda haka ga abin da mu ke roƙo. Na ɗaya, kowane ɗan jam'iyya ya bincika unguwarsu, ya kawo wa ofishin reshe sunan kowane yaro makaho ko kurma da ba ya karatu, mu kai wa Sakataren Ilmi a Ƙanƙara, mu karɓi amsa a rubuce. Na biyu, 'yan kasuwa su kafa asusu na kuɗin mota da sabulu, don sau da yawa abin da ke hana uba kai ɗansa ke nan. Na uku, malamanmu na allo su karɓi makaho kamar yadda aka karɓi Malam Aliyu. Na huɗu, duk mai neman ƙuri'a da ya shigo Ketare, ku tambaye shi malamin kurame nawa zai ɗauka.

Allah ya jiƙan Malam Aliyu Namangi, ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma Allah ya ba mu sawaba.